Hunturun Damagaram da gogen Turawa

Masu shirya bikin kiɗan sun zaɓi watan Janairu don kada zafi ya wahalar da baƙin makaɗa Turawa, amma ba wanda ya tuna da kayan kiɗansu. Ni aka ɗora wa kula da makaɗan, su wajen ashirin, har da gwanin gogen da zai tsaya gaba, sauran suna raka shi.

Tun ranar da suka sauka na roƙi a ba mu ɗaki mai rufuwa don ajiye kayan kiɗan. Aka ba mu wanda tagarsa ta karye, ta fuskanci gabas, inda iskar ke shigowa da ƙura. Har yanzu in na tuna tagar nan raina ɓaci yake.

Gogenmu na ƙwarya da fatar guza bai damu da rani ba, fatar ma ƙara ɗaurewa take. Nasu katako ne siriri haɗe da manne, tsirkiya huɗu, kowace a naɗe jikin ɗan turke da matsewar rami kawai ke riƙe shi. Danshin iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari yake so. Ina za a samo wannan a lokacin da leɓe da diddige ke tsagewa? Katako ya bushe, turaku suka fara saki.

Wani tsohon mai goge daga Birni ya leƙo gwaji, ya ɗan murza turke ɗaya da yatsa, ya dube ni. "Ɗana, wannan ƙishi yake ji." Na ce, "Baba, me za mu yi?" Ya ce a jiƙa soso, a matse, a sa a leda mai huji cikin kowane akwati, a rufe. Mun yi, amma kayan sun riga sun kwana a ɗakin nan.

Daren wasa, ana tsakiyar kashi na biyu na kiɗan, mai sanyin tafiya, tsirkiyar gwanin ɗaya ta saki, muryar ta zube. Cikina ya ɗuri ruwa. Shi ko gezau: ya juya ya miƙa gogensa ga shugaban masu gogen da ke raka shi, ya karɓi na hannunsa, ya ɗora. Ashe haka al'adarsu take. Mutanenmu suka ɗauka gwaninta ce, mata suka rangaɗa guɗa.

In za ka kawo irin waɗannan baƙi tsakanin Disamba da Fabrairu, ka je da ƙafarka ka duba ɗakin ajiya, ka taɓa kowace taga. Soso ya shiga akwati tun a mota, kuma kada a bar akwati a buɗe ko na shan shayi ne.