Tsiron da ke son inuwa amma ba ya jure ƙishi

Yawancin gidajen da ke jere a biranen arewacin Ingila suna da ɗan fili a baya wanda katangu suka kewaye, kuma idan filin yana fuskantar arewa, kamar nawa, rana ba ta leƙa shi sai a tsakiyar shekara. Masu irin wannan fili sukan fid da rai da shuka, su malala siminti su huta. A ganina sun yi gaggawa, domin akwai tsirran da inuwa ce mazauninsu, kuma a cikinsu babu wanda ya kwanta mini a rai kamar wanda Turawa ke kira lady fern, masana kuma suka sa wa suna Athyrium filix-femina.

Tsiro ne da ba ya fure, ba ya kuma yin iri, kyansa duka a ganye yake. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu tohonsa yakan ɓullo daga tushe a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya, sannan ya riƙa warwarewa a hankali har ya zama dogon ganye kore shar mai tsaga-tsaga, wanda tsawonsa kan kai mita ɗaya idan wuri ya karɓe shi. Wanda ya juya bayan ganyen a watan Agusta zai ga ƙananan ɗigo masu ruwan ƙasa a jere, wasu a lanƙwashe; ba cuta ba ce, a cikinsu ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su suke.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa kowace inuwa ta dace da shi. A daji ana samunsa a bakin rafi da cikin kurmi mai laima, inda ƙasa ba ta bushewa, alhali gindin babbar bishiya ko jikin katangar da rufi ya tare wa ruwan sama inuwa ce busasshiya. Idan aka dasa shi a nan, gefen ganyen yakan ƙone tun kafin Yuli ya ƙare. Irin wannan wuri ya fi dacewa da ɗan'uwansa Dryopteris filix-mas, wanda ya fi shi juriya. Saboda haka aikin gaske a ƙasa yake. Abin da na fi amincewa da shi shi ne ruɓaɓɓen ganyen bishiya: a tara wanda ya zube a Oktoba da Nuwamba, a jiƙa shi, a zuba a buhun da aka huhhuda, a bar shi shekara ɗaya ko biyu har ya koma baƙi mai laushi. Ana cakuɗa shi da ƙasa kafin dashe, a kuma shimfiɗa wani a kewayen tushen kowace shekara domin ya riƙe danshi. Kada a binne kan tushen, a bar shi daidai da fuskar ƙasa, a ba da tazarar kamar santimita 60, a kuma dage da ban ruwa a shekarar farko. Takin zamani ba dole ba ne, amma kariya daga iska dole ce, domin karan ganyen yana da saurin karyewa.

Da zarar sanyi mai ƙarfi ya sauka, ganyen duka yakan mutu ya kwanta, amma tushen yana nan da ransa. Nakan bar busasshen ganyen ya lulluɓe shi har farkon Maris kafin in yanke.

A zamanin Sarauniya Victoria mutanen Birtaniya sun shiga son wannan dangin tsirrai har suka riƙa tone su daga daji, abin da ya yi wa wasu nau'o'i illa ƙwarai. A lokacin ne aka tsinci wasu nau'o'in lady fern masu ganye na daban, wato Frizelliae a yankin Wicklow na Ayalan a 1857, da Victoriae a Sikotilan a 1861, kuma har yau ana sayar da su. Ni na fi son na asali, kuma ba sai an taɓa na daji ba: idan tushe ya yi kauri bayan wasu shekaru, ana tone shi kafin toho ya buɗe, a raba da wuƙa mai kaifi yadda kowane kashi zai tafi da saiwarsa, a dasa nan take kafin ta sha iska.