Ledar da ta cinye min albashin wata biyu

Ranar Asabar na miƙa makullin shago bayan shekara huɗu ina gyaran kwamfuta a ƙarƙashin Oga. Yara biyun da na bari a kan teburin sun ce in rubuta musu abin da na koya. To ga shi, amma su yi haƙuri, yawancinsa labarin kwamfuta guda ne.

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wani Alhaji mai ɗakin tace bidiyo ya dawo da kwamfutar da aka haɗa masa a shagonmu mako uku kafin nan. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i9-13900K ce ta kamfanin Intel, irin wadda kan ja wat 253 idan aiki ya yi aiki, an kuma ɗora mata na'urar sanyayawa ta ruwa mai fanka uku. Kukansa shi ne da ya fara fitar da bidiyo sai ta koma tafiyar hawainiya, wani sa'in ta mutu ɗungurungum. Na kunna HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na sakar mata Cinebench, manhajar gwaji da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, kafin in gyara zama ta buga digiri 100, iyakar da Intel ta sa mata ke nan kafin ta rage gudu don ceton kanta. Na kara hannu a lagireto, inda fankoki ke huce ruwan, iska mai sanyi ke fitowa. Na leƙa BIOS, allon saitin kwamfuta na asali, babu ko lamba a gurbin gudun famfon da ke zagaya ruwan. Nan take na yanke hukunci: famfo ya mutu.

"Ka tabbata?" in ji Oga.

"Na tabbata, Oga."

Aka yi odar sabuwa daga Ikeja, ta yi kwana tara a hanya. Alhaji yana da aikin bikin da ya karɓi kuɗinsa, kullum sai ya kira, ni ake miƙa wa wayar. Ranar da kaya suka iso yana tsaye a kaina na kwance noti huɗu na ɗaga kan famfon. Ga leda nan manne a jikin jan ƙarfen da ke zama a kan furosesa, man sanyayawa ya baje a kanta fes, har rubutun gargaɗin a cire ta kafin ɗaurawa ana iya karantawa. Famfon lafiyarsa ƙalau. Wutarsa daga wayar SATA yake sha, wadda ke fitowa kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta, siririyar wayar da ke kai rahoton gudunsa ga madabod (babban allon da komai ke jone a kai) ce ba a jona ba, wanda ya haɗa kuma da BIOS ta dame shi da ƙorafin fanka sai ya rufe mata baki ya wuce.

Wa ya haɗa ta? Duk shagon an sani, ranar ina Wudil wurin ta'aziyya. Amma Oga ya dubi Alhaji ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yaran yanzu ne, sai a hankali." Ya juyo gare ni: "Kai kuma za mu yi magana." Maganar ita ce an yanke kuɗin sabuwar na'urar daga albashina. Ban ce uffan ba, kuma har yau shirun nan ya fi kuɗin ci min rai.

Duk da haka ba zan wanke kaina tas ba. Da na ɗora yatsa a kan famfon da na ji yana rawa. Idan famfo ya mutu da gaske, kansa yakan ɗau zafi sosai, tiyon da ke kusa da shi ma haka, saboda ruwan ya tsaya cik yana dahuwa. Wannan kuwa kai da tiyo duk ba su ɗau ɗumin kirki ba, alamar zafin bai ma isa ga ruwan ba. Lambar allo na gaskata na bar hannuna a aljihu, aikin minti goma ya zama na kwana tara.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan, iska za ta taru a cikinsa ka ji yana ƙugi kamar cikin mai azumi. Man sanyayawa kamar ƙwayar wake ya isa, a ɗaure noti a gicciye, kaɗan-kaɗan. Kafin a ɗora tsohuwar na'urar sanyayawa a kan soket ɗin LGA 1700, mazaunin irin wannan furosesar ta Intel, a nemo maƙallinta na daidai, ko da ramukan sun karɓi tsohon. Furosesar Ryzen 7000 ta kamfanin AMD da ke zama a digiri 95 lokacin aiki mai nauyi ba ciwo take ba, haka AMD ta tsara ta, kada a tsorata mai kaya a sayar masa da abin da ba ya buƙata (ana yi, na gani da idona). Bayan hunturu a busa lagireto, ƙurar garin nan takan toshe shi kamar an liƙa masa bargo, a riƙe fankar kada ta yi ta juyi.

Alhaji ya bi sawuna bayan wata biyar, ashe wani a shagon ya tsegunta masa gaskiya. Kwamfutoci shida na ɗakin nasa yanzu ni ke duba su, da kuɗinsu na kama ɗan shagon da zan buɗe bayan salla. Oga bai sani ba tukuna.