Kwalbati kafin kwalta

A ma'aikatar hanyoyi da gadoji da nake aiki, a yankin da ke tsakanin Wad Madani, Sinnar da Gadarif a ƙasar Sudan, ban taɓa ganin shekarar da kuɗin gyara ya kai yawan ɓarnar da ke ƙasa ba. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ƙasar ke haƙowa, abin ya ƙara tsanani. Yawancin kwalta daga waje ake sayo ta, kayan gyaran gireda da katafila ma haka, fam, kuɗin Sudan, kuwa kullum faɗuwa yake. Kuɗin da aka rubuta a kasafi farkon shekara, kafin ya iso hannu ya rasa ƙarfinsa. Aikinmu na gaskiya shi ne zaɓen abin da za a taɓa da abin da za a bari.

Ƙasarmu ce ta fara koya mini yadda ake wannan zaɓe. Jazira da Gadarif baƙar laka ce, wadda auduga da dawa da riɗi ke so, hanya kuwa ba ta shiri da ita. In ta sha ruwa sai ta kumbura, in rani ya yi sai ta tsuke ta tsattsage har mutum ya iya zura hannu. Gefen hanya ya fi tsakiyarta jiƙa, ya kuma fi ta saurin bushewa, don haka gefen ne ke hawa yana sauka, sai ka ga doguwar tsaga ta bi bakin kwalta. Ruwan damina ya shiga tsagar, tsakuwar ƙasa ta yi laushi, babbar mota ta taka, rami ya buɗe. Duk wanda ya cike wannan rami bai kori ruwan ba, zai dawo baɗi ya sake cike shi da kuɗin da babu.

Shi ya sa in kuɗi kaɗan ne nake dagewa a fara da yashe kwalbatoci da magudanan ruwa kafin watan Yuni, a toshe tsagogi tun suna ƙanana, a gyara kafaɗar hanya yadda ruwa zai gangara ya bar ta. Wannan aiki na lebura ne da shebur da baro, ba ya cin kuɗi sosai. Wahalarsa ita ce ba a ganinsa. Sabuwar kwalta kowa na gani, manya su zo buɗewa, jama'a su yi murna, kuma murnarsu tana kan hanya, don sun daɗe suna shan wuya. Amma yana ƙona mini rai in ga an zuba kuɗin shekara guda a ɗan gajeren wuri, alhali da shi za a iya tsare doguwar hanya daga ruwa.

Inda ruwan ke bi kuwa ba koyaushe taswirar ofis ke nunawa ba. A ƙauyukan Hausawanmu na bakin kogin Shuɗin Nilu, wajen Mai Wurno, dattawa sun san koramar da ke yin shekaru a bushe sannan ta taso dare ɗaya. Ina zuwa in gaida su, in ce Baba, ina ruwa ya tsaya a babbar ambaliya, su kai ni su nuna mini alamar a jikin bishiya ko tsohon bango. Girman kwalbatin da za mu sa, sau da dama daga wannan alamar nake fara lissafinsa.

Sai nauyi. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa in nauyin da ke kan gatarin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya takan kai wajen ninki 16. Tun da jirgin ƙasa ya yi rauni, kayan da ke shiga da fita ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a kan tireloli suke tafiya: riɗi, ƙaro, dabbobi, alkama, siminti. Sikelin auna motoci guda mai aiki tsakani da Allah ya fi tarin motocin faci amfani. Sai dai direba ba shi ya ɗora lodin ba. Mai kaya ne ke son tafiya ɗaya ta ɗauke na tafiya biyu. Da yawa cikin direbobin nan 'yan'uwanmu ne, na san abin da suke samu. Tarar da ta tsaya a kan direba ba ta rage ko buhu ɗaya, sai ta kai ga mai kaya.

Gada ita ce ba na yarda a ɗaga duba ta. Hanya mai ramuka ana lallaɓawa a wuce, gada in ta faɗi gari ya yanke daga asibiti da kasuwa. Gadar ƙarfe ta Shuɗin Nilu a Hartum tun 1909 take, madatsar Sinnar da ababen hawa ke bi ta kanta tun 1925, kuma sun kai haka ne don an yi ta kula da su. Bayan kowace damina sai mu sauka ƙarƙashi mu ga ko ruwa ya ƙwaƙule gindin ginshiƙai, ko rodi ya bayyana ya yi tsatsa, ko ƙasa ta cike mahaɗan da ke barin gada ta motsa da zafi. A 2020 kogin ya haura mita 17.5 a Hartum, ya wuce abin da aka gani a 1946 da 1988. Irin wannan ruwa ɓarnarsa a ƙasa take, wanda ke wucewa a sama ba zai gani ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara mana abin da ba mu taɓa lissafawa ba. An karya gadar Shambat ta Hartum a Nuwamban 2023, an kuma bar hanyoyi da dama damina bayan damina ba wanda ya taɓa magudanansu. Za a zo da maganar sake gini, kuma ana bukatarsa. Abin da nake roƙo a duk zaman da aka kira ni shi ne kowace kwangilar sabuwar gada ko hanya ta zo da kuɗin kula da ita a rubuce, a ware, tare da albashin leburorin da za su yashe kwalbatocinta kowane watan Mayu.