Bangon tsohon cocin ƙauye a Ingila da ɓarnar siminti

Maginin da ya saba da dutsen Jos, in ya tsaya gaban tsohon cocin ƙauye a Ingila, zai ɗauka bangon dutse ne zalla. Alhali fuska biyu ce, ta ciki da ta waje, aka cike tsakaninsu da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa.

Tsarin ginin kusan ɗaya ne ko'ina: ɗakin bagade a gabas, dogon zauren jama'a a tsakiya, hasumiyar ƙararrawa galibi a yamma. A ƙarni na 13 aka raba ɗawainiya, aka ɗora gyaran ɗakin bagade a wuyan mai karɓar ushirin cocin, na zaure kuwa a wuyan mutanen gari. Shi ya sa coci ɗaya kan haɗa aikin zamani uku ko huɗu.

Taga ce ke tona shekarun gini. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kan ƙofa da na taga a zagaye yake kamar bakan gizo, irin na cocin ƙauyen Kilpeck da aka gina wajen 1140. A ƙarshen ƙarni na 12 taga ta koma siririya mai tsini. Bayan annobar 1348 sai manyan tagogi masu sandunan dutse a tsaye suka yaɗu, kamar na cocin ƙauyen Long Melford, da aka gina da kuɗin cinikin ulu.

Ruwa ne babban abokin gaba. Indararo ya toshe da ganye, ruwa ya sauka cikin bango, ya wanke kwaɓin tsakiya, sai fuskar waje ta kumburo. Mafi muni shi ne gyara da siminti. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita ta tsakanin duwatsu, siminti kuwa rufe hanyar yake. Danshin ya koma cikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Duk wanda ya ga yaɓen siminti yana ɓanɓarewa daga katangar laka bayan daminar Filato ya san wannan ciwon.

Wajen gyara, a kankare tsohon kwaɓin zuwa zurfin da ya ninka faɗin gaɓar da ke tsakanin duwatsu sau biyu, a jiƙa wurin, a cusa kwaɓin farar ƙasa awo 1 da yashi mai kaushi awo 3. Sai a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na 'yan kwanaki, domin in ya bushe da gaggawa tsagewa yake. A ɗarikar Cocin Ingila, duk shekara 5 sai masanin gini ya duba kowane coci, daga rufi har tushe.