Kek ɗin suna a hawa na huɗu

A Kano gashin kek bai taɓa ba ni tsoro ba. Yashi nake zubawa a babbar tukunya in ɗora a gawayi, in jera gwangwanayen madara da na shafe da bota, in rufe, sannan in ɗebi garwashi in zuba a kan murfi. Da ƙamshi ya sauya na san sun yi.

Wata huɗu da zuwana wajen maigidana a unguwar Bronx ta birnin New York, ban san kowa ba. Lokacin hunturu ne, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya fara shiga, shi kuma sai dare yake dawowa daga aiki. Mutum ɗaya nake gaisawa da ita, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke hawa na biyu a gininmu (mu muna na huɗu), wadda ta haura shekara ashirin a Amurka. Ran nan na kai mata 'yan ƙananan kek, ta ɗanɗana ta ce: "Ɗiyata ta kusa sauka. Ke za ki yi mana na suna. Amma fa babba, na tire, wanda zai ishi mutum hamsin." Na ce, "To Hajiya, in Allah Ya yarda."

Na sayo tire mai inci 12 da 18, zurfinsa inci 2, na yi gwaji. Lambobin obin a nan na Fahrenheit ne, 350 ɗin da kowa ke faɗa kusan 177 ke nan a ma'aunin da muka saba. Na sa 350. Da na buɗe sai gabana ya faɗi. Gefe ya bushe ya yi baƙi, tsakiya ta taso kamar tudu ta tsage, na soka tsinke ya fito da ɗanyen kwaɓi. Ga ɓangaren hagu ya yi kauri, na dama kamar an danne shi. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, don na riga na amsa wa babba, kuma ita kaɗai ce ta kira ni cikin sha'aninta a garin nan.

Ƙaurin ne ya jawo maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Jamhuriyar Dominika. Turancina da nata duk na lallaɓawa ne, don haka da hannu muka yi yawancin maganar. Ta jira obin ya huce, ta zuba ruwa kaɗan a tiren, ta saka a ciki, ta nuna mini da yatsa. Ruwan duk ya gangara hagu. Ashe tsohon gini ne, daɓen ya karkata, murhun ma ya bi shi. Da dare maigidana ya kwanta a ƙasa yana murɗa ƙafafun murhun, ni ina leƙen ruwan, har ya kwanta daidai a kusurwa huɗu.

Washegari ta kawo ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin obin. Mun sa 350, allura ta wuce 375. Sai ta jera yankakken burodi a tire ta gasa na 'yan mintuna: na baya suka yi ja sosai, na bakin ƙofa ko launi ba su sauya ba. A nan na gane inda wutar ta fi ci.

Tudun tsakiya kuwa ga dalilinsa. A babban tire zafi yana fara kama gefe, gefen ya daskare tun kafin ya gama tashi, tsakiya kuma ta ci gaba da kumbura ita kaɗai. Sai a rage wa gefe sauri, a ƙara wa tsakiya. Na yanka tsohon tawul dogo-dogo, na jiƙa, na naɗe da takardar alminiyom, na ɗaure kewaye da tiren. A tsakiya na kafa ƙusoshi biyu masu faffaɗan kai, irin waɗanda ake yin furen kek a kansu, na shafe su da bota, kan a ƙasa, tsinin a sama, su kai zafi cikin kwaɓin. Na sauke wuta har ma'aunin ya tsaya a 325. Ƙwai ma sai da na koyi halinsa: a nan cikin firji yake zama, kuma in ka fasa shi da sanyinsa a kan bota sai kwaɓin ya tsinke. Yanzu awa ɗaya kafin aiki nake fito da su. Ba na taɓa ƙofar obin sai an yi minti talatin, sannan in juya tiren, na baya ya dawo gaba.

A gwaji na uku ya fito shimfiɗe kamar tabarma.

Ranar suna ni da maigidana muka sauko da shi a kan katako, taki ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta yanka daga kusurwa, ta yanka daga tsakiya, ta haɗa su ta duba, sannan ta ɗaga murya ta ce wa matan: "Ku zo ku ga aikin ɗiyata Bakanuwa." A wurin na haɗu da matan Damagaram, da na Nima ta Ankara, da wata 'yar Sakkwato da ashe layi ɗaya ne tsakaninmu. Uku suka karɓi lambata. Na kai wa maƙwabciyata yanka biyu a faranti, tare da ma'auninta, ta tura mini shi ta ce in riƙe.