Ganyen sabara a gaban ƙwayoyin sankarar mama

Ganye uku muka tara don gwada su a kan ƙwayoyin sankarar mama: sabara, shuwaka da gwandar daji. Kafin mu taɓa komai sai da muka kai samfuri ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aka tantance mana, saboda sunan Hausa ɗaya kan hau kan tsiro biyu, kuma mai sayarwa a kasuwa ba zai taɓa ce maka bai tabbata ba.

A inuwa muka shanya su, rana tana lalata wasu sinadaran. Lokacin hunturu ne, ƙura ta sa dole muka lulluɓe tabarmin da gidan sauro. Da suka bushe muka daka a turmi, muka jiƙa garin cikin metanol, wani ruwan sinadari mai tsotso abin da ke cikin ganye, na awa 72, muka tace, muka ƙafar da ruwan har ya bar wani baƙin ƙullu mai danƙo kamar maɗi.

Ƙwayoyin da muka gwada a kansu su ne MCF-7, waɗanda aka samo daga wata mai sankarar mama a Amurka a 1970. Rainonsu ya fi komai wahala. Suna son zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, dare da rana. A Kaduna, inda ake ɗauke wuta ba sallama, kuɗin man janareta ya kusa cinye kasafin.

Gwajin kansa ana kiransa MTT. Ana zuba ƙwayoyin a faranti mai ramuka 96, a ɗiga ƙullun a ma'auni daban-daban, sannan a ƙara wani ruwa rawaya, wato MTT ɗin. Ƙwaya mai rai tana mayar da shi shuni, matacciya ba ta iyawa. Nan sabara ta nuna halinta. Ramukan da muka bari ba ƙwaya ko ɗaya, sai ƙullu da ruwan gwaji, su ma suka yi shuni. Sinadaran ganyen ne da kansu ke juya launin. Wanda bai ware irin waɗannan ramukan ba, zai rubuta cewa ƙwayoyin na nan lafiya alhali sun mutu. Daga nan muka koma wanke farantin kafin zuba MTT, muna kuma leƙawa ta madubin likita don ido ya shaida.

Gwaggona da ta ji labari ta ce, "Ɗana, ashe sai mu dafa mu sha?" Na ce, "Gwaggo, ko omo aka zuba wa ƙwayoyin nan za su mutu." Abin da ake nema shi ne ganyen da zai kashe na ciwo ya ƙyale masu lafiya. Shi ya sa duk wani sakamakon da ba a gwada shi kan lafiyayyun ƙwayoyi ba, ba kuma a kwatanta shi da doksorubisin ba, ni ba na ba shi daraja. Macen da ta ji ƙullutu a mama, asibiti za ta nufa, ba wajen mai saiwoyi ba.

Ba raina tsiro nake yi ba. Maganin sankara vinblastin daga wani furen Madagaska ya fito, ɗan'uwansa taksol daga ɓawon wata bishiya a Amurka, amma sai da aka shafe shekaru ana tacewa. Mu yanzu rarraba ƙullun gwandar daji muke yi kashi-kashi, don mu gano wane sinadari ne ke aikin kafin a yi maganar gwaji kan ɓeraye.