Ranar da Auta ya share min babi na uku

Laftof ɗaya ce tal a gidanmu nan Gwammaja, HP ta hannu da Yaya ya sayo a Beirut Road, kuma kowa da harkar da yake yi a kanta, ni furojet, Hajiya hotunan atamfa da leshin da take sayarwa, Auta kuma gem ɗin ƙwallo. Duk a akawun ɗaya muke, ko fasuwod babu.

Rannan gem ɗinsa ya ƙi sauka wai wuri ya cika, kawai yaron nan ya ga wata folda mai suna "sabo sabo 2" (na yarda, sunan ma laifina ne) ya share, ya bi ya zubar da kwandon shara don wurin ya samu. Babi na uku ne a ciki wallahi. Allah ya so ni akwai kwafin sati biyu baya a filash, amma kwana uku na yi ina sake bugawa ina ƙwafa.

Shi ne na zauna na raba wa kowa ɗakinsa, wato kowa da akawun ɗinsa daban a laftof ɗin. Windows 10 ce a kai, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba 2025, wannan kuma wata rigimar ce daban. Ka shiga saitin, wajen akawun, ka ƙara mutum, in ta nemi imel ka ce babu. Abin lura shi ne akawun iri biyu ne, admin (mai cikakken iko da kwamfutar) da sitandad. Mai sitandad ba ya iya buɗe foldar wani, in kuma zai sa manhajar da ke taɓa tsarin kwamfutar sai taga ta fito tana neman fasuwod ɗin admin. To nan Auta yake tsayawa yana kallona kamar maraya.

Abin da kowa ke buƙata, irin hotunan biki, na zuba a foldar Public, sai dai ita kamar tsakar gida ce, kowa na iya sharewa. Haka abin da ka jibge a D, wato ɗaya ɓangaren ma'ajiyar kwamfutar, galibi a buɗe yake ga kowa, mutane na mantawa da wannan. Sannan admin in ya ga dama zai leƙa foldar kowa, danna maɓalli ɗaya ne. In za ka tashi kuma, ko alwala ce, danna maɓallin Windows da L, ta kulle.

Hajiya ce ta ba ni aiki. "Yanzu ni da gidana sai da mukulli?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri, don hotunan kayanki ne. Ta yarda, sai ta sa aka rubuta mata fasuwod ɗin a takarda ta manna a jikin firji, inda Auta ke shan ruwa sau goma a rana.

Yaya kuwa jiya ya aiko min saƙo a WhatsApp, wai kuɗin waye aka sayi laftof ɗin da za a ba shi sitandad. Na mayar da shi admin da asuba.